Wa Muka Naɗa Sarkin Ƙofar Kunnenmu?

Ido yana da marfi. In abu bai yi mana ba sai mu runtse, ko mu kau da kai. Baki ma muna iya tsuke shi. Kunne ne kaɗai aka bar mana a buɗe dare da rana, ko barci muke yi yana bakin aiki, shi ya sa ɗan motsin jariri ke tada uwarsa da tsakar dare. Wanda duk ya taɓa tsayawa ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa da yamma, lokacin da ma'aikata suka taso, 'yan kasuwa suka nufo gida, ya san abin da wannan rashin marfi yake jawowa. Adaidaita sahu na ta danna hon, manyan motoci na ruri a saman gada, mai maganin gargajiya ya ɗora lasifika a kan motarsa yana faɗin abin da ba za ka so ka ji a gaban surukinka ba, janareta kuma na ta gurnani a bayan kowane shago. Ba wanda ya nemi izininmu kafin duk wannan ya shiga kanmu.

To yanzu an ƙera wa kunne marfi, ana kuma sayar da shi. Iyafis ne mara igiya, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, wanda ke danne hayaniya. Mu masu sana'ar rubuta manhajar kwamfuta muna cikin waɗanda suka fara rungumarsa a garin nan, domin aikinmu aikin riƙe tunani ne. Mutum zai ɗauki rabin sa'a yana jera abu bakwai ko takwas a kansa, yana bin sawun inda kuskure ya ɓuya, sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi, komai ya watse. Don haka idan muka haɗu, hirar ba ta wuce wanne ya fi: na Apple, na Sony, na Bose, na Samsung, ko kuwa a yi maneji da Oraimo. Akwai dai wata tambaya da ba ma yi a Farm Centre ko Titin Beirut lokacin da muke ciniki, ita ce: shin kunnen namu mallakarmu ne mu kaɗai, da za mu rufe shi duk sanda muka ga dama, ko akwai masu haƙƙi a cikinsa?

Kafin a kai can, gara a san yadda abin yake aiki, don amsar tana da alaƙa da haka. Sauti motsin iska ne: ta matse, ta saki, ta matse, ta saki, sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda. A jikin iyafis ɗin akwai ƙananan makirfo da ke sauraron abin da ke zuwa daga waje. Wata 'yar ƙwaƙwalwar lantarki sai ta ƙirƙiro kishiyar wannan sautin, inda ya matse ita ta saki, inda ya saki ita ta matse, ta tura cikin kunne. Su biyun suna haɗuwa sai su cinye juna. Wato shirun da muke ji ƙara biyu ce ta yi karo. Dabarar ta daɗe. Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ya samu rajistar mallakarta a Amurka tun 1936, sai dai kayan lantarkin zamaninsa ba su da saurin da za su aiwatar. A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT, yana cikin jirgin sama daga Turai ƙarar inji ta hana shi jin abin da yake saurare, ya fara lissafin maganin abin tun bai sauka ba. Matuƙa jirgi aka fara yi wa a 1989, fasinjoji suka samu nasu a 2000. Sai a 2019, da Apple ya fito da AirPods Pro, abin ya zama kayan yayi har ya iso aljihun samarin Kano.

Abin lura shi ne dabarar ta fi ƙarfi a kan ƙara mai kauri wadda ba ta canjawa, irin gurnanin janareta, rurin inji, ko kukan fanka, saboda na'urar na iya hasashen abin da zai biyo baya. Muryar mutum kuwa tana hawa tana sauka, hon yana zuwa ba zato, waɗannan robar da ke toshe ramin kunne ce ke rage yawancinsu. Shi ya sa wanda ya sayi mai tsada amma robar ba ta zauna masa daidai ba ya yi asarar kuɗinsa. A gwada girman robar kafin a duba sunan kamfani.

Ba mu da niyyar kushe na'urar, don hujjar masu sonta tana da ƙarfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin lalacewar ji saboda yadda suke sauraro. Ma'auninta shi ne babba zai iya jure ƙarar da ta kai desibel 80 na tsawon sa'a 40 a mako, amma in ta kai 90 sa'a huɗu kacal ke gare shi. Yanzu a dubi yaron da ke cikin adaidaita daga Ƙofar Nassarawa zuwa Kabuga da iyafis na dubu biyu: don ya ji waƙarsa sama da ƙarar titi dole ya ƙure murya. 'Yan ƙananan gashin da ke can cikin kunne, waɗanda ke mayar da motsin iska ya zama ji, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Mai iyafis ɗin da ke danne hayaniya ba ya buƙatar ƙure murya. Ta wannan fuskar na'urar kariya ce, kamar tabarau ga mai walda.

Akwai kuma waɗanda shiru ya zame musu buƙata. Ɗalibar da ke shirin jarrabawa a gidan da mutum goma sha biyu ke kwana a ɗaki uku. Mahaddacin da ke son bitar karatunsa a hanya. Budurwar da ta gaji da surutun fasinjan da ya ƙi gane cewa ba ta son hira. Addininmu da al'adarmu ma ai sun yaba wa mai kau da kunne daga gulma da batsa, kuma tun muna yara aka karantar da mu cewa ji yana cikin abubuwan da za a tambaye mu a kansu. Mutumin da ya toshe kunnensa daga lasifikar mai maganin basir bai yi laifin komai ba. Mu ma da za mu iya saya wa iyayenmu mata da suke wucewa ta wurin, da mun saya.

Sai dai Hausa tana da wasu kalmomi game da kunne da ba na yabo ba. Muna cewa wane ya yi kunnen uwar shegu, wance tana da kunnen ƙashi. A wurinmu rashin ji hali ne kafin ya zama ciwo: yaron da ba ya ji ba kurma ba ne. Harshen da ya haɗa sauraro da biyayya da fahimta da tausayi duk a kalma ɗaya, har ma da ɗanɗano da sansana, yana gaya mana cewa mutanen da suka gina shi sun ɗauki kunne a matsayin ƙofar da jama'a ke shiga cikin mutum.

Ɗauki sallama. A Islamiyya an koya mana cewa yin ta sunna ne, amsa ta wajibi. To ga dattijo ya wuce saurayi a lungu, ya yi masa sallama, saurayin bai ɗago ba. Ba raini ya yi ba, bai ji ba ne. A hukunce ana iya cewa babu komai a kansa, tunda ba a ɗora wa mutum amsa abin da bai ji ba. Amma wa ya hana shi ji? Shi ya saya, shi ya saka, shi ya danna. Kurma yana da uzuri saboda bai zaɓa ba. Wannan kuwa kurumta ce ta haya, ana ɗauka ana ajiyewa. Dattijon zai wuce da abin a ransa, gobe ba zai sake yi ba, kuma saurayin ba zai taɓa sanin an daina yi masa wani abu ba. Wannan ne ya fi damunmu a lamarin: asarar ba ta da ƙara. In ka rufe ido ka san ka rufe, kana ganin duhu. In iyafis ya haɗiye kiran da aka yi maka, babu wata alama da za ta nuna maka an kira.

Rayuwar cikin birni kuwa da kunne aka tsara ta. Lungunan cikin badala ƙunci gare su, katanga ta hana ido wucewa, sauti ne ke tsallakawa. Da kunne ake sanin an yi haihuwa a gidan wane, saboda guɗa. Da kunne ake sanin an yi rasuwa. Da kunne ake sanin lokaci, daga kiran assalatu zuwa na lisha. Almajiri ba ya shiga gida, daga ƙofa yake ɗaga murya, abincinsa na ranar ya dogara ne ga wani ya ji shi. In aka yi ihun ɓarawo ko gobara, unguwa na fitowa ne saboda kowa ya bar kunnensa a buɗe ba tare da an biya shi ba. Ba mu taɓa kiran wannan aiki ba, amma gadi ne da kowa ke yi wa kowa. Mutum ɗaya in ya janye kunnensa ba abin da zai ragu. In masu janyewar suka yi yawa fa?

Kakanninmu ma ba wai ba su san darajar shiru ba. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye ƙara fiye da bulon siminti da rufin kwano da muka koma yi. Zaure kuma matata ne: baƙo ya tsaya a nan, ya yi sallama, a aiko yaro ya ga ko wane ne, sannan a san ko za a fito. Ita kanta ganuwa haka take. Kowace ƙofa tana da sarkinta, wanda a da yake rufe ta in dare ya yi, yake kuma sanin wa ya shigo da me. Ba a bar gari a buɗe ba, ba a kuma toshe shi ba, an sa mutum ne a bakin ƙofa wanda ya san 'yan gari, ya san baƙo, ya san wanda ko da tsakar dare ya ƙwanƙwasa dole a buɗe masa.

Sayen iyafis mai danne hayaniya naɗin sarkin ƙofa ne. Tambayar ita ce wa ya yi masa tarbiyya. A nan sana'armu ta ba mu damar ganin abin da mai saye ba ya gani. Duk manhajar da ke tace abu, sai wani ya zauna ya yanke mata abin da za ta ɗauka saƙo da abin da za ta ɗauka shara. Injiniyoyin da suka yi wannan zaman suna tunanin jirgin sama ne, da jirgin ƙasa, da ofis mai sanyi inda baƙo ba ya yi wa baƙo magana. Ba mugunta suka yi ba, garinsu suka duba. Misali ɗaya ya isa. Apple da Sony duk sun sa wata dabara a manyan iyafis ɗinsu, wadda ke rage sautin da kake ji ta buɗe maka waje idan hira ta taso. Kyakkyawan tunani. Amma me ke tada ta? Muryarka kai mai sanye da shi. Sai ka fara magana ƙofar ke buɗewa. A garin da ƙarami ke jiran kiran babba, inda uwa ke ƙwala kira daga madafa ba tare da ta taso ba, an ba mu mai gadin da ba ya buɗe ƙofa sai maigida ne zai fita.

Akwai wani kakanmu a sana'a da ya kamata mu riƙa tunawa don mu ji kunya kaɗan. Charles Babbage, Baturen Ingila da ya zana injin lissafin da ake ɗauka a matsayin kakan kwamfuta, ya shafe shekaru yana yaƙi da makaɗan titi a Landan, yawancinsu talakawa 'yan ci-rani daga Italiya. Ya ce suna cinye masa lokacin tunani. Ya yi ta kai ƙara, ya yi rubutu a kansu, kuma a 1864 majalisa ta yi dokar da ta ba masu gida ƙarin ikon korarsu. Mutanen unguwarsa ba su yafe masa ba, har ɗauko makaɗa suke yi su zo su yi masa kiɗa a bakin taga. Babbage yana da gaskiya cewa tunani na buƙatar shiru. Abin da bai tsaya ya duba ba shi ne abin da ya kira hayaniya abincin wani ne. Mu ma idan muka ce hayaniyar Ƙofar Nassarawa, me muke nufi? Ɗan adaidaitan da ke danna hon fasinja yake nema don ya cika kuɗin da zai kai wa mai mashin da daddare. Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013, wannan sana'ar ce ta ɗauke dubban samari. Mai rake, mai ruwan leda, yarinya mai tallar gyaɗa, duk da murya suke ci. Kalmar hayaniya tana tara su wuri ɗaya da janareta, alhali ba ɗaya suke ba.

Janaretan ma yana da nasa labarin, kuma shi ne ya kai mu ga batun kuɗi. AirPods Pro dala 249 kamfanin ke sayar da shi. A lokacin da dala ta haura naira 1,500, wannan ya wuce naira dubu 370, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira dubu 70 a 2024. Albashin wata biyar ke nan da ɗoriya, a kan abin da batirinsa ke raunana cikin 'yan shekaru, ba a kuma yi shi don a canja masa batiri ba. Shiru ya zama kayan masu hali. Dubi kuma yadda abin ya jeru. Wuta ba ta tsayawa, mai hali ya sayi janareta. Famfo ya ƙafe, ya haƙa burtsatse. Janaretocin suka cika unguwa da ƙara, ya sayi iyafis. A kowane mataki ya fitar da kansa, ya bar matsalar a inda take, wani lokacin ma ya ƙara mata nauyi, domin janaretan da ke ba mu wutar yin aiki bayan gida muke ajiye shi, wato jikin tagar maƙwabci. Mu muna ciki da marfin kunne, shi yana can da jariri.

Wani masanin tattalin arziki, Albert Hirschman, ya yi bayani a 1970 cewa idan abu ya lalace mutane hanya biyu suke bi, ko su fice ko su yi magana, kuma waɗanda suka fi saurin ficewa su ne waɗanda da sun tsaya maganarsu ce za ta fi tasiri. Najeriya tana da dokar ƙayyade ƙara tun 2009 a ƙarƙashin hukumar NESREA. Ba a rasa doka ba. Wa zai matsa a yi aiki da ita? Wanda ya iya rubuta takarda, ya san ofishin da za a kai, yake da lambar kansila ko ɗan majalisa. Shi ne kuma daidai mutumin da ya riga ya sayi maganin abin a aljihunsa. Ko batun lasifikar masallaci, wanda muke jin nauyin taɓawa, Saudiyya ta taɓa shi a 2021, ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta kuma ce a rage ƙarfinta. A nan mai jinya da mai jego sai dai su yi haƙuri da wa'azin da ake kwana ana yi, ko da DJ ɗin bikin da ya toshe layi, saboda masu bakin faɗa wa liman ko mai unguwa cikin ladabi sun daina jin abin.

To me za mu saya? Ra'ayinmu, ga wanda zai yi yawo da shi a Kano, ƙarfin danne ƙara ba shi ne abin dubawa na farko ba, duk da shi ake tallatawa. A fara gwada ɗaya yanayin, wanda ke shigo da sautin waje. A saka, a ce wa mai shago ya yi magana ta baya, a ga ko za a gane daga ina muryar ta fito. Masu arha da yawa a nan suke faɗuwa, sukan mayar da murya kamar daga cikin gwangwani, ba ka sanin hagu ko dama. A duba ko ana iya komawa wannan yanayin da taɓawa ɗaya ba sai an ciro waya ba, don ciro waya a bakin titi a garin da ake fama da masu ƙwace wani haɗarin ne. A duba ko yana aiki da kunne ɗaya. Jabu kuma sun cika kasuwa, kwali iri ɗaya, har wayar ma takan nuna hotonsu kamar na gaske, amma in ka danna danne ƙarar ba abin da ke canjawa. Gwajin mai sauƙi ne: a tsaya kusa da janaretan mai shago, a kunna, a kashe. Wanda duk ya hana ka wannan gwajin ya ba ka amsa.

Sauran kuma ba kamfani ne zai yi mana ba. Mun ga yadda waya ta shigo ba ta da ladabi, a hankali aka yi mata: ana kashe ta a masallaci, ba a amsa ta a gaban babba sai an nemi izini. Iyafis bai samu nasa ba tukuna, amma ya fara samu. Akwai samarin da in za su gaida babba sukan cire duka biyun su riƙe a hannu, ko da yanayin jin waje a kunne yake kuma suna jin sa sarai. Ta fuskar fasaha wannan ba shi da amfani. Amma Baba bai san da wani yanayi ba, abin da yake gani shi ne an toshe kunne ana yi masa magana, kuma cirewar ce gaisuwar, kamar yadda cire takalmi yake. A tebur ɗin aiki, a cikin jirgi, a ɗakin karatu, a rufe ƙofa ruf, ba wanda ke da haƙƙi a kunnenmu a lokacin in ban da wanda muka yi wa alƙawarin aiki. A lungu, a zaure, a tsakar gida, a wurin zaman makoki, akwai masu haƙƙi, kuma sun riga kamfanin zuwa.

Inda muka kasa daidaitawa a tsakaninmu shi ne titi. Wasunmu na cewa ƙarƙashin gadar nan ba unguwar kowa ba ce, ba mai yi maka sallama, ba abin da za ka rasa sai hon da batsar mai magani, don haka a danne. Wasu na cewa ai a nan ɗin ne makaho ke neman mai tsallakar da shi, a nan ne baƙon da ya sauka daga ƙauye ke tambayar hanyar Asibitin Murtala, kuma yana duban fuskoki ne ya ga wa zai iya tarewa. Wanda ya ga farin abu a kunnensa ba ya ko gwadawa, sai ya wuce ga na gaba, galibi mai rake ko ɗan adaidaita.